Zaren da Ban Wanke Ba

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya kafa duwatsu, ya sa wa kowane ruwa iyaka. Ni ne Ƙosau ɗan Nomau, mutumin Tungar Maje da ke bakin kogin Dargaza, a ƙasar da rana ke fitowa ta bayan tsaunuka bakwai. Na tsufa. Karatuna bai yi nisa ba, yawan magana kuma ba halina ba ne. An matsa mini in rubuta yadda na samo sanin zare. To, ga shi. Sau ɗaya zan faɗa.

Kogin Dargaza ba ya sallama. Sai ya yi shekara uku a kwance kamar tsohon kare, a ta huɗu ya tashi ya kwashe gero da awaki da duk wanda ya tarar a fadama. Shi ya ci ubanmu. Bayan sadakar arba'in, Inna ta kira mu, ni da yayana Arzika. Ta ce ta ji fatake suna labarin wani birni can yamma, Birnin Ƙoshiya, inda mutane ke sanin zuwan ruwa tun bai zo ba.

Ta ce, "Ku je ku koyo. Amma ku ji ni da kyau. Biyu na tura, biyu nake so su dawo mini."

Arzika ya nuna ni da baki, ya ce, "Inna, wannan ko kura ce ta ɗauke shi sai ta maido shi. Wa zai iya zama da mutumin da ba ya hira?"

Haka Arzika yake, bakinsa ba ya hutawa. Ya girme ni da shekara biyu. Kurma yake kirana saboda shiruna, ni kuma ina ce masa Yaya.

Muka yi wata biyu muna tafiya. Muka ratsa dajin da itatuwansa ke juya wa mutum baya in ya matso. Muka wuce ƙasar da tsuntsaye ke haƙa rami, ɓeraye ke sheƙa a kan reshe. A Zangon Kanwa, bakin wani fili da ba a ganin ƙarshensa, muka haɗu da wani tsohon falke da ya fito daga Birnin Ƙoshiya. Ya ba mu wata siririyar saƙa shuɗiya, faɗinta tafin hannu, tsawonta kamu uku. Wani farin zare yana tafiya a cikinta, ya haye tsaye, ya gangaro a hankali, ya sake hayewa.

Ya ce, "Tafiyata ce daga birnin zuwa nan. Kowane ƙulli a gefe kwana ɗaya ne." Ayarinsa ya tashi, bai ƙara komai ba.

Na duba, na ce tsaunuka huɗu ne a gabanmu, ga su nan a zane. Muka bar salka ɗaya don rage kaya, muka ɗauki igiyoyin hawa.

Kwana uku muna tafiya, ko tudun tururuwa ba mu gani ba. Ruwanmu ya ƙare. Da rarrafe muka isa wata rijiya da makiyaya ke shayar da raƙuma. Arzika ya sha, ya kwanta rigingine, ya ɗaga saƙar sama yana ƙirga ƙulli daga ƙarshenta. Sai ya fashe da dariya har yana tari.

"Kurma, zo ka hau dutsenka! Ga shi nan, da guga a bakinsa."

Na ce ban gane ba.

"Ba ƙasa aka saƙa wa tsohon ba, ruwan salkarsa aka saƙa. Inda zaren ya haye tsaye, rijiya ya samu ya cika. Inda ya gangaro, sha yake yi. Dubi wannan doguwar gangarar, ƙulli shida. Kwana shida ke nan babu rijiya, kuma ita ce a gabanmu."

Muka ba makiyayan igiyoyin, suka ba mu salka biyu. Da su muka rayu. Har muka isa birnin, duk rijiyar da muka hango sai Arzika ya ce in ɗaure wando, ga tsauni.

Birnin Ƙoshiya ba shi da ganuwa. Saƙa ce rataye ko'ina, daga soro zuwa soro, iska na kaɗa ta. Duk abin da ke ƙaruwa ko raguwa, mutanen nan sai sun saƙa shi: hatsin rumbu, zurfin rijiya, zafin jikin mara lafiya, tsawon inuwa. Ba sa tambayar mutum ya jiki, sai su ce ya kawo zarensa su gani.

Aka kai mu wurin Iya Tabawa, tsohuwa mai ido ɗaya, wadda ta koyar da rabin masaƙan birnin. Ta ji labarin igiyoyinmu, ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Tsawon saƙa kwanaki ne, faɗinta yawan abu. Kafin ka dubi hawa da sauka, ka fara tambaya, me aka auna?"

Zare iri biyu suke aiki da shi. Fari yana nuna yawan abin da ke akwai. Ja kuwa yana nuna nawa aka ƙara yau a kan na jiya. Duk saƙar da ke da jan zare, akwai wani baƙin zare miƙaƙƙe da ke ratsa ta. Muddin ja yana saman baƙi, abin ƙaruwa yake. Sai ya taɓa baƙi sannan abin ya tsaya, sai ya shiga ƙarƙashinsa sannan ya fara raguwa.

Wata rana Iya ta zaunar da ni gaban randa. Ta zuba ruwa da babbar ƙwarya, sannan da ƙarama, sannan da ludayi, sannan da cokali. Ta ce, "Jan zaren randar nan me yake yi?"

Na ce, "Sauka."

"Ruwan fa?"

Na ce, "Sauka."

Ta kwaɗa mini ƙoshiyar saƙa a ƙeya. Ta ƙara cokali ɗaya, randar ta tumbatsa ta jiƙa mini ƙafa. Arzika ya ce, "Iya, ki bi shi a hankali, kan nasa randa ce da ba a huda ba." Shi ma ta kwaɗa masa.

Shekara biyu muka yi. Hannuna ya faɗa, saƙata ta fi ta 'ya'yan birnin kyau. Farin zare nake so, don abin da ka gani shi ke nan. Ja yana gundurata. Arzika kuwa saƙarsa kamar kaza ta yi tono a ciki, amma kullum yana gindin Iya yana damun ta da tambaya.

Sai wani falke ya kawo saƙo cewa Inna tana kwance, ƙafafunta sun kumbura. Ga shi kuma shekarar tashin Dargaza ta kusa. Muka sayi jaki, muka yi sallama. Iya ta ce saura mana shekara guda, na ce ba hali. Ta riƙe wuyan hannuna ta dube ni da idon nan nata ɗaya.

Ta ce, "Ɗana, hannunka ya riga idonka. Ka riƙa jiran sa."

Don gaggawa muka bi gajeriyar hanya, ta Kogon Numfashi. Wani tsauni ne mai rai, hanya ta ratsa ta cikinsa. Yakan huro iska mai zafin da ke saɓule fata, ya yi shiru, ya sake hurowa. Ƙasusuwan masu gaggawa suna nan zube a ciki. Masu gadin bakin kogon suna da tsohuwar saƙa ta ƙarfin iskar, amma wanda ya iya karanta ta ya daɗe da mutuwa. Na shimfiɗa ta a ƙasa. Zaren yana hawa yana sauka kamar bayan maciji. Na auna faɗin kowane kwari da yatsa, na ga duk ba su isa mutum ya ratsa ba. Amma kowane na shida ya ninka sauran sau uku. Tsaunin yakan yi dogon hutu bayan numfashi shida.

Muka zauna muna ƙirgawa tun hantsi. Da na shida ya wuce muka ja jakinmu muka ruga. Muna fita ta ɗaya bakin, iskar ta biyo mu ta babbake gashin wutsiyar jakin. Arzika ya rungume ni yana haki.

"Daga yau kai ne Malam Kurma! Wallahi Inna sai ta yi guɗa."

Maganar ta shige ni. Na fara jin babu zaren da zai gagare ni.

Bayan kwana tara muka iso Gangare. Hanyar gida ta bi ta wani dogon kwazazzabo mai bango tsaye hagu da dama, tafiyar hantsi zuwa azahar. Garin yana bakinsa, amma babu kowa a ciki. Mutanen duk sun hau kan tudu da yara da tukwane, suna zaune ƙarƙashin bukkokin kara. Mai garin, wani dattijo da ake kira Barmo, ya yi mana bayani. Can sama akwai tafki da zaftarewar ƙasa ta tare. Damina ta yi ƙarfi bana. In ruwa ya taɓa leɓen bangon ƙasar nan, zai cinye shi ya sauko gaba ɗaya ta kwazazzabon. Suna da masaƙi, Dangana, wanda ya yi karatu a Birnin Ƙoshiya. Kullum da safe yakan hau ya duba sandar awo, ya dawo ya saƙa. Yanzu zazzaɓi ya kayar da shi, bai san wanda ke kansa ba.

Barmo ya ce, "Geronmu ya nuna a ƙasa, tsuntsaye na ci. Yara na tari a nan. Mu koma ko mu zauna? Babu mai faɗa mana."

Arzika ya dafa ƙirjina ya ce, "Allah ya kawo muku malami, Baba. Wannan ƙanen nawa har tsauni ya karanta."

Matar Dangana, Ladingo, ta kawo saƙar. Saƙar ta faɗi a laka ranar da suka gudo, jar ƙasar wurin ta rine ta kaf, ta bushe a kai. Ba ka ganin launi, sai tudun zaren. Na bi shi da yatsa. Ya hau, ya hau, ya kai ƙololuwa, sannan kwana huɗu a jere yana gangarowa. Can ƙasa na ji wani miƙaƙƙen zare da bai kai gare shi ba. Na ɗauka bakin saƙar ne aka ƙarfafa.

Ladingo ta ce, "Malam, ranar da ya kwanta ya ce mini, 'Yana sauka, amma...' Sai sanyi ya kama shi, bai ƙarasa ba."

Na ce, "Ya faɗi gaskiya. Ruwa ya kai iyakarsa, kwana huɗu yana sauka. Tafkin raguwa yake."

Mata suka fara guɗa, maza suka shiga ɗaure kaya. Arzika ya ja ni bayan wata bukka, ya yi ƙasa da murya.

"Kurma, fari ne ko ja?"

"Fari. Laka ce ta ɓata shi."

"Ka gani da idonka?"

"Na ji da hannuna."

"Mu hau tafkin mu duba sandar. Yini ɗaya ne."

Na ce, "Yaya, Inna tana kwance. Kai ne za ka faɗa mata mun tsaya yawon kallon tafki?"

Ya dube ni ya daɗe.  Bai ƙaryata ni a gaban mutane ba, shi ba ya yi mini haka. Ya koma wurin Barmo da fara'arsa.

"Baba, malam ya yi magana, ba a ja. Amma a garinmu ba a zuba wa yara miya sai babba ya ɗanɗana. Kowa ya zauna. Ni zan ratsa kwazazzabon in duba hanya. In na fita ta can zan tayar da hayaƙi, sai ku sauko."

Na ce tare za mu tafi. Ya ce, "A'a. In suka ga malaminsu ya tafi, bin ka za su yi. Zauna ka riƙe jaki, dama ku biyu kun fi fahimtar juna, ba mai ce wa wani uffan." Ya cire hularsa ya kifa mini a kai. "Riƙe mini, kada ƙaya ta yage ta. Inna ce ta ɗinka."

Ya sauka yana waƙa. Muna jin muryarsa tana bugun bangon dutse, har ta ƙanƙance, har ya zama ɗigo a cikin kwazazzabon.

Na zauna a kan wani dutse da saƙar a cinyata. Rana ta ɗaga. Ladingo ta kawo mini ruwan sha a ƙwarya. Ina karɓa jakin ya fizgi igiya, ruwan ya zube a kan saƙar. Lakar ta narke ta gangara ta bar zaren a fili.

Ja ne.

Na goge ƙasan da babban yatsa. Miƙaƙƙen zaren nan baƙi ne. Na ƙirga tazarar da ke tsakaninsu, kwana huɗun nan da na ce sauka ce. Yatsa goma sha biyu, tara, shida, huɗu. Duk ƙari ne. Babbar ƙwarya, ƙaramar ƙwarya, ludayi, cokali. Tafkin bai taɓa raguwa ba, cika yake a hankali, kuma kwana biyu ke nan babu wanda ya duba shi.

Ni da ake kira Kurma, ranar na yi ihun da ban taɓa yi ba. Na ruga bakin tudun ina kiran Yaya, ina kiran Arzika, sunan da ban taɓa kiran sa da shi ba. Na fara gangarawa, maza uku suka danne ni. Ɗigon nan yana tsakiyar kwazazzabo. Ina jin ya juyo. Ina jin har hannu ya ɗaga, amma ban tabbata ba, idona ya cika.

Sai ƙarar ta zo daga sama, kamar ana mirgina duwatsu a cikin turmi. Ruwan ja ne, tsayinsa ya fi rimi, da itatuwa a bakinsa. Kafin mutum ya karanta Fatiha ya cika kwazazzabon daga bango zuwa bango, ya shafe garin Gangare da geronsa.

Bayan kwana uku muka same shi, nesa, a cikin rassan wata tsamiya. Muka binne shi a kan tudun. Barmo ya tara jama'a, suka zo suna yi mini godiya, wai albarkacin zuwanmu ko yaro ɗaya ba su rasa ba. Na ce ba ni za su gode wa ba. Na faɗa musu abin da na yi, ban rage komai ba. Ladingo ta naɗe saƙar ta miƙo mini. Ta ce, "Tafi da ita, Malam. Ba na son ganin ta a ɗakina."

Na yi wata guda a hanya, ni da jaki. Babu abin da zan faɗa a kan wannan tafiyar.

Na tarar da Inna da rai. An fito da ita ƙofar gida tana shan hantsi a kan tabarma. Ta gan ni, ta ga hular a hannuna, sai ta leƙa bayana. Ta daɗe tana kallon hanya.

Ta ce, "Ina ɗayan?"

Na durƙusa na faɗa mata duka, har da ƙwaryar ruwan. Da ni na zuba ta da safe, da hannuna, da ba a yi haka ba. Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta karɓi hular ta shinshina, ta sa a ƙarƙashin zanenta.

Can ta ce, "To, kafa masaƙar. Kada ya zama a banza ya tafi."

Na kafa sandar awo a bakin Dargaza, wata kuma can sama inda rafuka ke shigowa. Saƙa biyu nake yi kullum, fara da ja, gefe da gefe. Inna ta ga tashin kogin na farko, ta ga mun kwashe kowa da komai kwana uku kafin ya iso. Ta rasu da kaka. Daga lokacin Dargaza ya tashi sau goma, bai ci ko ɗan akuya ba. Duk saƙar da aka kawo mini, sai na tsoma ta a ruwa kafin in buɗe baki, ko da yanzu aka sauke ta daga masaƙa. Mutane suna dariya, suna cewa tsufa ne. Ina ƙyale su.

Shekaranjiya Liman Shekarau, wanda muka taso tare, ya same ni a bakin kogi ina duba sanda. Ya ga hular nan a aljihuna, don tun rasuwar Inna a wurina take. Ya zauna kusa da ni.

Ya ce, "Ƙosau, shekara arba'in fa. Ai baƙin cikin nan ya ci a ce ya yi sauƙi."

Na ce, "Yana sauka."

Ya ce alhamdulillahi, ya dafa kafaɗata, ya tashi ya tafi masallaci. Bai tambaye ni wane zare ba, fari ko ja.